Baba Injiniya, Wa Ka Ba Magen da Na Bar Maka Amana?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Zumuntarmu ta Birmingham da Manchester, Baba Injiniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, tun yaushe kayan ajiya ya zama kayan kyauta? Ku ma da kuke karantawa a guruf ɗin ƙungiya kuna murmushi, in mutum ya bar muku motarsa ajiyar kwana goma, baƙo ya zo ya ce ta yi masa kyau, makulli za ku miƙa masa?

Bayan wannan tambaya, ina gaisuwa irin ta ɗa ga uba. Ya aiki, ya Hajiya, ya yara, ya fama da sanyi da kuma fama da mu? Allah Ya ƙara girma.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Nura na Moss Side da ke Manchester, mai ɗaukar kwali a wani sito a Cheetham Hill. Ba ni da dokta ko injiniya a gaban sunana. Karatuna na laburare ne, da hutun rabin awa a wurin aiki. Amma duk abin da zan faɗa a nan na karanta shi da idona ko ya faru a kaina. Sau uku na buga maka waya, sau ɗaya na zo gida takanas, kowane karo sai "a yi haƙuri, ɗana," ranar da na zo kuma har da shayi mai kauri. Shayin ya yi daɗi, na gode wa Hajiya. Haƙurin ne ba shi da lokaci, don saura kwana goma sha takwas jirgina ya tashi. Shi ya sa na fito fili.

Na ɗaya. Kowa ya san zan bar ƙasar nan in koma Maroko, har ana ta zolayata wai sanyi ya ci ni da yaƙi. Eh, ya ci ni. Shekara tara ina kokawa da shi, na sallama. Flat ɗina bangonsa gumi yake yi kamar mai zazzaɓi, fumfuna ta yi zane a saman gadona, GP, wato likitan unguwarmu, kuma ya gaya mini ƙirjina ba ya shiri da laima. Mai sitonmu yana sayo jallabiyoyi da takalma daga can, yana neman wanda zai zauna ya riƙa duba masa kaya kafin a ɗora. Na ce ga ni. Albashin ba wani mai yawa ba ne, amma da rana a ciki, kuma ranar kyauta ce. Shekara uku ina tarin kuɗi, ba gidan abinci, ba sabuwar waya, har na haɗa fam dubu huɗu da 'yan kai. Da su zan kama ɗaki, da su zan ci kafin in tsaya da ƙafata. Wani a cikinku kuɗin hutun iyalinsa ya fi wannan, Allah Ya ƙara masa. Ni dai su ke nan.

Na biyu. Maguna biyu gare ni, Kunu da Zuma. Kunu muzuru ne toka-toka, rago, kunnensa ɗaya a yage, ba wanda zai gan shi ya yi sha'awa. Zuma kuwa mace ce ja-ja-ja mai farin wuya, tana tafiya kamar ita ke biyan haya. A bayan sito na tsince su cikin kwali, idonsu bai gama buɗewa ba, da sirinji na shayar da su. Duk hunturun da kuɗin hita ya gagara, su biyun nan ne suka kwana a kan ƙafata. Na san za a ce mage ce fa. Na ji. A gida mage ba ta da mai ita, duk gidan da ta samu ƙashin kifi nan ne gidansu. A nan ba haka abin yake ba, Baba. Kafin mage ta hau jirgi sai an sa mata wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, mai ɗauke da lambarta. Sai an yi mata allurar ciwon haukan kare, a jira makonni. Sai likitan dabbobi ya duba ta dab da tafiya ya sa hannu. Kowace takarda lambar nan ce a kanta. Na karanta ƙa'idojin shafi-shafi, har na riƙa yi wa yarinyar asibitin dabbobi gyara. Tsakanin allura, takardu, keji da wurinsu a jirgi, na kashe fam ɗari tara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na mallaka. Kamfanin jirgi kuma ba ya mayar da ko sisi.

Na uku. Ban roƙe ka ba, kai ka yi tayi. A taron watan jiya, da na ce zan je kwana goma in ga ɗakin da zan kama, kuma gidan ajiyar dabbobi ya fi ƙarfina, kai ka miƙe a gaban jama'a ka ce ina amfanin ƙungiya in ɗanmu zai biya Bature ya riƙe masa mage. Ka ce gidanka gidana ne. Aka yi tafi. Tunda ma tikitin da ke tashi daga Birmingham, inda gidanka yake, ya fi araha, sai na ga Allah ne Ya haɗa. Na hau bas da keji biyu, na kawo su da abincinsu da yashinsu, na rubuta wa Hajiya takarda mai layi bakwai, layin farko kada a bar su su fita, layin ƙarshe lambata ta can. Ka karɓa ka karanta da tabarau, ka ce wannan yaro da tsari yake.

Na huɗu. Na dawo da dabino da turare na tsaraba, fuskata ta yi baƙi da rana, raina fes, na samu ɗaki mai taga biyu da baranda. Na tarar da Kunu a ƙarƙashin kujera. Na tambayi inda Zuma take, sai Hajiya ta tuna tana da tukunya a wuta. Da bakinka ka gaya mini abin da ya faru, don haka ba ƙage nake yi ba. An yi walima a gidan, wani babban baƙo ya zo da iyalinsa, Zuma ta fito ta hau cinyar matarsa ta kwanta. Matar ta yaba sau ɗaya, ta yaba sau biyu, a na uku kai kuma ka ce mata ai Hajiya taki ce. Ta ce a'a, ka ce wallahi sai ta ɗauka. Suka tafi da ita, har da kejin da na saya.

Baba, na san wannan al'ada, kuma ina son ta. Hular da nake zuwa Juma'a da ita ma haka na same ta, na ce wa wani dattijo a Withington ta yi masa kyau, ya cire daga kansa ya ɗora mini. Amma hularsa ce. Bai ciro ta daga kan na kusa da shi ba. In da agogonka matar ta yaba, ko kafet ɗin falo, ko ma motar da ke ƙofar gida, ni ne zan fara yi maka kirari. Ka yi alheri da abin da ba naka ba, godiyar ta tafi wurinka, asarar ta biyo ni Moss Side.

Na biyar, kuma a nan ne ni kaina na yi dariya, duk da raina a ɓace yake. Da ka gama ba ni labarin, sai ka ce in kwantar da hankalina, an riga an yi mini tanadi. Aka fito da wata mage ja a cikin kwalin indomi, ka ce ga ta nan, ta ma fi waccan ƙiba. Kunya ta hana ni musu a gaban Hajiya, na ɗauka na taho. Washegari na kai ta asibitin dabbobi ko da wata dabara. Likita ta ɗaga wutsiya ta ce da farko dai wannan namiji ne. Ta goga masa na'urarta a wuya, abin ya yi ƙara, sai ga suna da adireshi. Muzurun wata tsohuwar Baturiya ne, gida huɗu tsakaninku, kwana shida tana manna hotonsa a jikin fitilun titi. Ashe ta katangar lambu yake shigo muku, kuna ba shi kaza, kuka ɗauka Allah ne Ya kawo. Likitar ta kalle ni irin kallon da ake yi wa ɓarawon da ya kawo kansa. Na rasa ranar aiki guda, na sake hawa bas zuwa Birmingham da muzurun mutane a cinya, yana kuka tun daga tasha har tasha. Tsohuwar ta rungume ni tana hawaye, ta ba ni biskit, ta ce irina sun yi ƙaranci a duniya. Ban gaya mata a gidan wa aka tsare shi ba. Wannan rufin asiri na yi maka shi kyauta, kuma nawa ne, ina da ikon bayarwa.

Ko da muzurun nan ba shi da mai shi, ba zai yi ba. Sabuwar mage tana nufin sabuwar lamba, sabuwar allura, sabon jira, sabon kuɗi, ni kuwa ba ni da ko ɗaya a ciki. Kuma ko an ba ni su duka, Zuma nake nema. Kunu tun da muka dawo yake zagaya ɗaki yana leƙa bayan firji. Ragon da ba ya tashi sai ya ji ƙarar gwangwani, yanzu rabin kwano yake ci.

Na shida. Na ce to a gaya mini gidan, in je da kaina in yi bayani. Ka ce ba zai yiwu ba, mutumin babba ne, abin kunya ne a yi kyauta a dawo a ce a maido, yaya za ka kalli idonsa a masallaci. Ranka ya daɗe, kunyar nan taka ni ake so in biya kuɗinta. Ka auna fuskar babban mutum da ta mai ɗaukar kwali, ka ga wadda ta fi sauƙin ɓatawa. Ban ce ka yi da mugunta ba, na san ka, bakinka ne ya riga tunaninka, kamar yadda nawa yake yi kullum. Amma yau kwana goma sha ɗaya kana da lambar mutumin a wayarka. Kuma ina tabbatar maka, matar nan da ta san magen ajiya ce, da ba ta kai ta mota ba. Yanzu haka ita ma an sa ta riƙe abin wani ba da saninta ba. Ranar da ta kai Zuma asibiti aka goga mata na'ura, sunana ne zai fito, kuma irin kallon da aka yi mini ita za a yi wa. Wace kunyar ce ta fi, ta yau a waya tsakaninku, ko ta ranar a gaban Turawa?

Ga abin da nake roƙo. A maido mini da Zuma da kejinta kafin Juma'a mai zuwa, don ranar Litinin ɗin da ke biye likita za ta duba su ta sa hannu, in aka wuce ranar takardunta sun mutu. In kiran ne ya yi maka nauyi, ka ba ni sunan gidan kawai. Zan sa babbar riga, in tafi da turaren da na kawo maka tsaraba na fasa bayarwa, in durƙusa in ce laifina ne, ni ne ban yi bayani sosai ba. Zan ɗauki kunyar gaba ɗaya, na saba ɗaukar kaya. In iyalin sun shaƙu da ita, na san inda ake ba da 'yan maguna marasa gida a Manchester, ni zan raka su su zaɓa. Ba na neman kuɗin bas, ba na neman ranar aikin da na rasa.

Ke kuma Hajiyar da ban san sunanki ba, in kina cikin guruf ɗin nan, ko wata ta tura miki: in akwai mage ja mai farin wuya a gidanki, wadda ba ta shan ruwa a kwano sai a bakin famfo, ba ki yi laifin komai ba. Ina gaishe ki, na gode da riƙo, ki taimaka ki yi magana.

Allah Ya ƙara wa Shugaba lafiya da nisan kwana, Ya raya zuri'a, Ya bar mana hannunka a buɗe, Ya kuma sa abin da ke cikinsa ya zama naka. In na isa lafiya, barandar nan tana jiranka kai da Hajiya duk hunturun da ya matsa muku, da gaske nake.

Amma kafin nan, a gaban jama'a ka karɓi amanar nan aka yi maka tafi, don haka a gaban jama'a nake jiran amsa. Kada a kira ni gefe, kada a turo mini dattijo da shayi. Ka rubuta a nan guruf, inda kowa zai gani: wace rana Zuma za ta dawo, kai za ka kawo ta ko ni zan je?

Wassalam.

Ɗanka mai biyayya, sai dai bakinsa,
Nura, Moss Side, Manchester.