Hannun Baba a Shagon Bindiga

Laurel, Asabar da dare, Maris 2009

Yau na raka Baba shagon bindiga in yi masa tafinta, ogansa na wurin gadi yana tare da mu. Baba ya zaɓi libarba, ƙaramar bindigar da ba sai an ja bayanta an ɗana ba, mai cin harsashin fistol irin wanda kamfaninsu ke rabawa. Mai shago ya ce me zai hana ya ɗauki fistol ɗin kawai.

Baba ya ce mini, "Ce masa sha'awa ce."

Duk idanu a kaina, sai na rikice na faɗi gaskiya, wato hannunsa ba shi da ƙarfin jan bayan fistol ya ɗana ta yanzu. Ogan ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ce Baba ya same shi a ofis ran Litinin.

A mota Baba bai yi mini faɗa ba. Tambayata kawai ya yi ko ina jin yunwa.