Na Tura Taubashina Soja, Kulliya Ta Ba Shi Uzuri

Khala Ramlatu, don Allah ki taimake ni kafin ranar Alhamis, wasan da na ƙulla ya fi ƙarfina.

Ni ɗan unguwar Ka'akiyya ne a nan ƙasa mai tsarki, ina ɗaukar kayan alhazai a wani otal a unguwar Jarwal. Karatuna na allo ne, kuma na sauke, alhamdu lillahi. Ina da taubashi, Uzair, ɗan goggona, yana shekarar ƙarshe a kulliya. Tun da ya fara rataya jaka yake kirana "ya ustaz" yana gyara mini magana a gaban mutane. Ni kuwa taubashi ne, ramuwa haƙƙina ce.

Kin san yadda saƙon gida yake zuwa mana. Alhaji ya sauka da ƙullin yaji da kilishi da ambulan, ya ce a kai wa wane, ba mai tambaya. To, Uzair a nan garin aka haife shi, a unguwar Shisha. Fasfonsa na Najeriya ne, amma Kano a waya kawai ya santa. Sai na sa aka buga mini takarda da hoton mikiya na tambarin Najeriya a sama, wai ana kiransa aikin soja, ya bayyana a bariki nan da wata guda. Na haɗa da kilishi na gaske na kai masa, na ce wani alhaji ne ya bari a otal.

Nufina cikinsa ya ɗuri ruwa kwana ɗaya, in yi dariya, khalas. Wallahi nufina ke nan. Amma mai ilimin nan bai tambayi kowa ba. Washegari ya kai takardar ofishin ɗalibai, ya nemi uzurin da suke ba wanda ƙasarsa ta kira soja. Suka karɓa, suka ɗage masa zangon gaba ɗaya har da jarrabawa. Ya aske kansa ƙwal. Kullum bayan asuba yana hawa tudu da gudu, tumbinsa yana gaba yana biye, yana sara wa mai gadin masallaci. Ya raba littattafansa. Ni ma ya ba ni ƙamus, ya rungume ni, ya ce in yafe masa. A nan na so in faɗa, dariya ta shaƙe ni, ya ɗauka kuka nake, ya yi ta lallashina.

Goggo kuwa mako uku ke nan tana hawaye, kullum tana Harami tana yi masa addu'a. Wannan ɓangaren ba ya ba ni dariya.

Yanzu na ji Alhamis ake rufe janye uzuri. In na yi shiru, shekararsa ta tafi. In na faɗa, takardar jabu ce a hannun kulliya da sunansa, suna iya korarsa. Na yi tunanin buga ta biyu, wai soja sun duba hotonsa sun fasa. Me kika gani?

Taubashin Soja, Ka'akiyya

Ɗana,

Shawarar takarda ta biyu ta nuna mini har yanzu ba ka warke ba. Kada ka buga ta. Ta farko ana iya kiranta wauta, in ka ƙara za a ce sana'arka ce.

Taubasantaka gaskiya ce, kuma wanda ya rena karatunka a gaban jama'a ya cancanci a sa masa gishiri a shayi. Amma ofishin ɗalibai bai san taubashi ba. Kai ka sa tambarin ƙasa a cikin wasanka, kuma a garin nan ka girma, ka san yadda ake ɗaukar takardar jabu.

Uzair ma ba zan wanke shi ba. Najeriya ba ta kiran ɗalibi soja da ƙullin kilishi, waya ɗaya zuwa ofishin jakadanci a Jidda ta ishe shi. Mutumin da bai tambayi kowa ba, amma da sassafe ya gane ƙofar ofishin uzuri ana gab da jarrabawa, ina zargin takardarka ta zo masa a kan gaɓa. Zargi ne kawai. Ko da haka ne, kai ka miƙa masa.

Yau ka same shi shi kaɗai, ka faɗa masa ba tare da haƙoranka a waje ba. In ya mare ka, ka karɓa. Gobe, ba Alhamis ba, ku je kulliya da babba daga gidanku wanda ya iya magana da ofis. Uzair ya janye uzurinsa, kai kuma ka sa hannu cewa kai ka buga takardar, ka kai masa da sunan alhaji. Ban yi maka alkawarin za ka fito ba hukunci ba, amma wanda ya kai kansa ya fi wanda aka gano samun sassauci.

Goggo kuma kai za ka faɗa mata da bakinka, a durƙushe. Kada ka ce wasa ne, ta san wasa. Za ta yi murnar ɗanta ba zai tafi ba wajen minti biyar. A cikinsu za ka nemi gafara, don bayansu ban san mai cetonka ba.

Allah ya sa Uzair ya zauna jarrabawarsa, kai kuma ya shirye ka.

Khala Ramlatu