Ɗankwalin Kaka Yangzom

Zuwa ga Kaka Yangzom mai daraja,

Gaisuwa mai tarin yawa daga jikanki, Babban Jami'in Tsabtar Dutse Mai Tsarki, wato mai tsince gwangwanayen da 'yan yawon buɗe ido suke yarwa. Yaya gwiwoyinki? Yaya Baba da shanu? Ni lafiya lau nake, yatsun ƙafata biyu ne kawai suka ƙaurace mini saboda sanyi.

Ɗankwalin da kika ba ni in bar miki a kan dutsen, tunda ba ki iya hawowa, na ajiye shi a mashigin da masu ziyara suke barin tufafinsu don neman albarka. Washegari shugabanmu ya ce a kwashe tsummokaran wurin duka. A buhun sharar abokin aikina Phuntsok na tsinto shi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ka yar, ni in kwashe, haka za mu tsufa?"

Saboda haka na saɓa umarninki. Yana ɗaure a ƙuguna, kuma zuwa yau ya zagaya dutsen sau goma sha ɗaya. Na tambayi wani dattijon malamin ibada, tunda zagaya dutsen ibada ce, ya yanke hukunci cewa ladan naki ne, gajiyar tawa.

Idan za ki aiko da faɗa, ki naɗo shi cikin safa mai kauri.

Jikanki mai biyayya gwargwadon hali,
Lhundrup