Fankar Atika

Alhamis, 3 ga Afrilu 2025

Saƙon ɗiyata Farida ya iso daga Yamai. Direban motar Maraɗi ya ajiye mani shi a tasha, na je da kaina. Ɗan kwali ne, ko tafin hannuna bai cika ba. A ciki piriz ne fari, mai ɗan maɓalli a gefe. A soka shi a bango, a soka igiyar fanka a cikinsa, shi ke nan wai duk inda nake sai in kunna in kashe da salulata. Ko daga garka, lambuna na bakin tabki! Ashe da ta zo watan jiya ta bar mana ƙaramin akwatin wifi, wannan take shiryawa. Allah ya yi mata albarka.

Na kai wa matata Atika kan gado ta gani. Ta jujjuya shi da hannun hagu, ta ce a hankali, yadda maganarta ta koma tun da ɓarin damanta ya shanye da damina: "Mi... ne ne?" Na ce mai yi maki fifita ne, ba ya gyangyaɗi, ba ya zuwa biki. Ta maido mani shi.

Ni dai na san wahalar da zai raba ni da ita. Da safe in an yi mata wanka, fanka tana sa ta rawar sanyi. Kafin azahar kuma ɗakin ya zama tanda, ga makunni can nesa da gado. Sai in baro ban ruwa a bakin tabki, in hau moto, ɗan babur ɗina, in zo in danna abu ɗaya, in koma. Zogalena har ya fara yaushi. Hajara maƙwabciyarmu tana leƙowa, amma ita ma da nata gidan.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Ya ƙi. Na sauke aplikasiyon ɗin, na bi takardar layi-layi kamar yadda nake sa yara su yi a lakkol, makarantar boko. Na danne maɓalli har ƴar fitilar shuɗiya ta kama ƙyaftawa da sauri, na sa kod ɗin wifi, abu ya yi ta juyawa, ya ce bai samu ba. Na sake. Na sake. Har na zargi idona, na ɗauko gilashin karatu na duba ƙarƙashin akwatin, ko sifili ne na ɗauka harafi.

Ban kira Farida ba. Tsohon darektan makaranta, a ce ɗan kwalin nan ya kayar da ni? Gobe.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ya yi! Ya yi!

To, na kira ta, ba sai na ɓoye wa takarda ba. Dariya ta fara yi, ta ce, "Baba, akwatin hanya biyu gare shi, mai 5 da mai 2,4. Shi piriz ƙaramar kawai ya sani." Na koma kan ƙaramar, na sa kod, kafin in aje numfashi fitila ta daina ƙyaftawa ta tsaya cak. Aplikasiyon ya ce in raɗa mashi suna. Na rubuta Fankar Atika. Na danna zoben da ke tsakiyar allo, na ji ƙas a bango, fanka ta tashi da kanta. Wallahi sai da gashin jikina ya miƙe.

Na fita tsakar gida na kashe. Na je zaure na kunna. Na tsaya bakin masallaci kafin la'asar na kashe, na dawo da sauri ina tambayar Atika, "Ta tsaya? Ta tsaya?" Ta ce, "Malam... ka bar ta... ta huta." Fankar ko ita kanta, ban gane wa take nufi ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Daga garka ma yana yi. Na gwada ƙarƙashin mangwaro, rezon salula ya fi ƙarfi a nan.

Talata, 8 ga Afrilu

Yau na yi ban ruwa tun safe har azahar ban ɗaga ƙafa ba, rabona da haka tun kafin ciwon. Na nuna wa Ɗan Baba, wanda garkarsa take jikin tawa. Ya goge laka a wando ya karɓi salular da yatsu biyu kamar za ta cije shi. Na ce danna nan. Ya danna. Na ce to yanzu iska tana kaɗa ɗakina a cikin gari. Ya ce, "Mushe," yadda suke kiran malamin makaranta, "kar ka maida ni yaro." Sai da na kira Hajara ta shiga ta tabbatar mashi, sannan ya riƙe baki yana salati.

Da muna cin ƙuli-ƙuli ya ce, "To amma ya kake sanin tana so?" Na ce ai zafi zafi ne, wanda nake ji a nan shi take ji a can. Ya ce hakane, ya ci gaba da tauna.

Na gano wani wuri a aplikasiyon inda ake tsara lokaci. Na zauna na shirya mata jadawali tsaf, irin wanda nake maƙalawa a ƙofar aji: ta tashi da hantsi, ta huta bayan la'asar, ta dawo da almuru. Ko ban taɓa salula ba abin yana tafiya. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Bayan masallaci mutum huɗu suka biyo ni gida kallon piriz. Na yi masu bayani kamar ni na ƙera shi. Aliyu mai gyaran rediyo ya ce zai sa a kawo mashi daga Katsina. Na ce ya zo in koya mashi, kada ya sha wuyar da na sha.

Laraba, 16 ga Afrilu

Ban so in rubuta wannan ba.

An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, da hantsi, aka maido can gaba. Ashe in wuta ta yanke ta dawo, piriz a kashe yake farkawa, sai an ce mashi tashi. Lokacin da na tsara mashi ya riga ya wuce yana cikin duhu. Ni kuwa ina can ina dashen barkono, salula cikin aljihun rigar da na rataye, na sakankance jadawali yana aiki. Hajara ta tafi suna ƙauyen Safo, ta gaya mani jiya, na manta.

Da na shigo bayan azahar, ɗakin kamar an hura gawayi. Atika ta jiƙe sharkaf, leɓenta ya bushe, ta ture gorar ruwa garin miƙa hannu ta gangara ƙarƙashin gado. Fitilar ɗaki tana ci, fanka tana tsaye a kanta tana kallonta. Na ba ta ruwa, na jiƙa zane na shafa mata wuya da ƙafafu. Na yi ta cewa sannu, sannu, laifin na'ura ne. Na ci gaba da shafawa har numfashinta ya daidaita. Sannan ta ce, kalma ɗaya-ɗaya, "Da sanyi... ta tashi. Da zafi... ta mutu. Jikinka ne... ko nawa?"

Na samo wurin gyaran da maraice. Yanzu in kuran ya dawo, zai koma yadda yake kafin a ɗauke. Na zare na mayar sau da yawa, yana yi. Amma ban ji daɗin da na saba ji ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ban je garka ba. Ɗan Baba ya ba barkonon ruwa.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Ina zaune gefen gado ina duba salula, ta miƙo hannun hagu ta ce, "Ba ni." Na zaci ruwa take so. Ta ce, "Abin. Ba ni." Na fara cewa ai da Faransanci yake, kuma allon yana son yatsa mai... sai na tsaya nan, saboda irin kallon da ta yi mani. Kallon da take yi wa mahauci in ya sa mata ƙashi a awo.

Na kira Farida. Ta yi ihu a kunnena, "Baba, ai shi ya kamata tun farko!" Ta bi da ni mataki-mataki: na ɗauko tsohuwar salulata mai tsagaggen allo, na sa mata aplikasiyon, na raba piriz ɗin tsakanin tawa da wannan. Har akwai yadda ake fito da zoben shi kaɗai, ƙato, a fuskar salula, ba sai an shiga ko'ina ba. Na ɗaura mata igiya a jikin ƙarfen gado kada ta faɗi.

Babban yatsanta yana zamewa. Ta danna gefe, wani abu daban ya buɗe. Ta danne da ƙarfi, zoben ya fara rawa zai gudu. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi in karɓa. Ta ce, "Fita."

Na fita.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ina alwala a tsakar gida na ji ƙas, na ji fanka ta tashi. Na ji ƙas, ta tsaya. Sai kuma na ji wani sauti da na daɗe ban ji ba, har na tsaya da buta a hannu ina tantama. Dariya ce. Ta karkace, rabin baki ne, amma tata ce sak. Na shiga da ruwa a gemu, ta ɗaga salular tana nuna mani, ta ce, "Cire... agogonka." Na goge jadawalin nan nawa mai kyau a gabanta, layi bayan layi. Kai, na so jadawalin nan.

Talata, 22 ga Afrilu

Wani abin daɗi: duk sanda ta kunna ko ta kashe, tawa salular tana yin ƙara a garka. Yau na lura ba ta kunna ba sai da rana ta take, kuma tana kashewa lokacin salla. Ban taɓa sanin ƙarar fanka tana ɗauke mata hankali a salla ba. Ɗan Baba ya ce ina duba salula fiye da saurayi mai jiran amsa. Ya faɗi abin da ya ga dama.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Aliyu ya samo nashi piriz ɗin, ya ƙi haɗuwa. Na ce mashi, "Akwatin wifi hanya biyu gare shi." Ya ɗauke ni wani babban injiniya. Ban ambaci Farida ba.

Litinin, 5 ga Mayu

Har yanzu ƙirjina bai gama sauka ba.

Wajen la'asar ina tsinkar zogale, salula ta yi ƙara. An kunna. Kafin in maida ita aljihu, an kashe. An kunna. An kashe. An kunna, ba tsayawa. Na ce inna lillahi, ciwon ne ya dawo, hannunta ne yake karkarwa a kan allo. Na watsar da kwandon, ko takalmi ban tsaya nema ba, na hau moto. Ban san yadda na ratsa kasuwa ba, na dai ji wani mai amalanke yana zagina.

Na faɗa ɗaki ina kiran sunanta, sunan da ba na kira a gaban mutane. Ga ta zaune. Zaune! Ta jawo kanta ta jingina da bango, ƙafarta mai lafiya a ƙasa. Ta ce, "Ka daɗe." Na ce lafiya? Mi ya faru? Ina ne ke ciwo? Ta nuna taga da haɓa. "Hadari. Gyaɗar iri... tana waje."

Na leƙa. Gabas ta yi baƙi ƙirin, ni da nake fili ban ma ɗaga kai na gani ba, ita ta ji ƙamshinsa daga kan gado. Gyaɗar da na shanya a tabarma tun safe tana nan baje. Na fita ina kwasa da kwano, iska tana cika mani ido da ƙasa, tana ba ni umarni ta taga: buhu yana bayan randa, a rufe kaji, a sauke zannuwa daga igiya. Maganar tana sarƙewa amma ba ta fasa ba. Ɗigon farko ya same ni ina jan buhun cikin zaure.

Da ruwa ya kece na zauna a ƙasa kusa da gadon, ƙafata duk ƙaya, ina haki. Na ce kin kusa kashe ni. Ta ce, "Da na kira... ba ka jin... maganata." Gaskiya ne, a salula ba na fahimtar ta, sai in yi ta cewa mi, mi, har ta gaji ta kashe. Muka shirya: in ta kunna ta kashe sau biyu, in zo in na gama. In ta wuce haka, in bar komai.

Alhamis, 8 ga Mayu

Tana son wani piriz ɗin, na rediyo. Ita ta gaya wa Farida da bakinta, suka daɗe suna hira. Ni aka ce in riƙe salular kawai.

Talata, 13 ga Mayu

Ƙasa ta yi laushi, kowa yana maganar shuka. Ƙanen Atika, Abdu, ya zo daga Gabi da safe, ya tsaya a zaure yana tambayata ya jikinta, tana cin abinci, tana gane mutane. Na buɗe baki zan fara jero mashi kamar kullum, sai na ji na ce ya shiga ya tambaye ta. Na jiyo tana yi mashi faɗa kan rashin zuwa.

Na ɗan yi ta kewaye-kewaye a tsakar gida, na gyara randa, na duba piriz ko ya yi zafi. Ta ce, "Malam, tafi... ka cika mani ɗaki."

Na tafi. Na yi kunyoyi uku na barkono, na taya Ɗan Baba gyaran motopom ɗin ban ruwa, mun yi gardama kan irin geron da ya fi. Salular tana aljihun riga a reshen mangwaro. Ban tuna da ita ba sai da na ji yunwa.