Injina ya gaza a kan tudu, na ɗora wa aminina laifi

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya min a rai.

Ni ba mutumin da ake koya wa inji ba ne. Sakandare kawai na yi, da dakon katako na fara, yau ina da wurin yankan katako biyu, kuma ba wanda ya ba ni ko ƙusa. Bana na buɗe na biyun a wani gari can saman duwatsu, inda in kana hawa da mota kunnenka ke toshewa. Na ba Dogo, bakaniken da muke tare shekara ashirin, tsohon injina na dizal ya yi masa garambawul. A garejinsa muka gwada, lafiya lau.

Ana kai shi sama ya koma kamar tsohon jaki. Zarto na shiga icce sai ya hau nishi, ya turnuƙe rumfar da baƙin hayaƙi, balle in rana ta take. Mai kuwa kamar zubarwa ake yi. Na sa aka ƙara buɗe famfon mai, abin ya daɗa taɓarɓarewa. Dogo ya biyo ni har can, ya kasa kunne, ya ce injin ƙalau yake, numfashi ne ya yi masa kaɗan. Raina ya ɓaci. A gaban ma'aikatana na ce masa inji ba ya asma, in tsofaffin kaya ya sa min ya faɗi gaskiya. Ya kwashe sufanunsa ya tafi.

Makon jiya na sauko da injin don wani bakaniken ya duba. Kafin a taɓa shi na tayar, sai ga shi garau. Yanzu Dogo ba ya ɗaga wayata, matarsa ma ta daina leƙo tawa. Ban saba ba da haƙuri ba. Kuma har yanzu ban gane yadda tudu zai rage wa ƙarfe ƙarfi ba.

Mai Katako

Amsa:

Ɗan'uwa, Dogo ya faɗa maka gaskiya. Dizal ba ya ƙonewa sai da iska, kuma iskar sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Inji marar turbo, wato na'urar da ke tura masa ƙarin iska, yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa a duk mita dubu da aka hau. Zafin rana ma sirantar da iska yake yi. Baƙin hayaƙin nan man da bai samu iska ba ne, kai kuma ka ƙara masa mai.

Ban ga laifinka da ka yi zargi ba: injin ya fito daga gyara ne ya gaza, ya kuma kamata Dogo ya gargaɗe ka tun kafin a loda shi. Amma zargi daban, tozarci daban.

A mayar da famfon yadda yake, a sa sabuwar filtar iska, a buɗe rumfar, manyan itatuwa a yanka su da sanyin safiya. In bai wadatar ba, nemi mai turbo.

Shi kuwa Dogo, bar kiran waya. Taka ka je garejin, ka ce ka yi kuskure. Sannan ka roƙe shi ya bi ka sama ya daidaita injin da hannunsa, ka maimaita maganar a gaban waɗanda suka ji ta farko. A nan ka zubar masa da mutunci, a nan za ka mayar masa.

Allah Ya huci zuciyarsa, Ya sa albarka a sabon wurin.