Ƙorafi Kan Sakin Manzo da Jinin Mijina Ila

Zuwa ga: Mai Girma Babban Sufeto mai sa ido kan ma'aikatan shari'a
Daga: Hafsat, matar marigayi Ila mai bin sawu, karkarar Falanko, Tanout
Kwanan wata: 26 ga Fabrairu, 2024

Game da: Aikin Malam Mansur, mai gabatar da ƙara a kotun da ke kula da yankinmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma, ina neman afuwa da ban zo da ƙafata ba. Ina cikin takaba.

1. Ranar 9 ga Disamba, 2023, aka sace raƙuma uku na maƙwabcinmu Aghali. Mijina ya kifa ƙwarya a kan sawun ɓarawon don kada iska ta shafe shi, kamar yadda ake yi a Damargu tun kakanni, har jandarmomi suka zo suka gani. Ya bi sawun kwana biyu, aka kama wani Manzo da raƙuman a hannunsa.

2. Ranar 18 ga Disamba, Malam Mansur ya saki Manzo. Dalilinsa, wai rairayi ba takarda ba ne. Ya tsayar da mijina, mai shekara talatin a wannan aiki, ya yi masa dariya a gaban ɓarawon, ya kuma karanta sunan mijina da na ƙauyenmu da ƙarfi.

3. Ranar 3 ga Fabrairu, 2024, Manzo ya tarar da Ila a bakin rijiya, ya sare shi har lahira. Mutum huɗu sun gani. Har yau babu wanda ya kira su, kuma Manzo yana cin kasuwar Belbeji kowane mako.

4. Ba mu kaɗai ba ne. Cikin shekara biyu ɓarayin dabbobi goma sha ɗaya aka miƙa wa Malam Mansur daga karkararmu, ko ɗaya bai ga fuskar alƙali ba. Yanzu wanda ya kama ɓarawo ba ya wahalar da kansa zuwa Tanout, sandar duka yake nema.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi a kama Manzo, a saurari shaidun nan huɗu. Shi kuwa Malam Mansur, ba canjin gari nake nemar masa ba. A tuɓe shi, a zaunar da shi a bencin waɗanda ake tuhuma, a karanta sunansa da ƙarfi jama'a na ji. Ban yafe masa ba, duniya da lahira.

Ranka ya daɗe, ƙannen mijina uku sun wasa takubbansu. Ni na tsaya a ƙofa na roƙe su su jira hukuma har sadakar arba'in, wadda za ta faɗo ranar 14 ga Maris. Daga ranar 15, zan matsa daga ƙofar.

Da dukkan girmamawa da biyayya,

Hafsat Ila
(dangwalen yatsa)