Kwalbar da na shinshina

Ke Auta! Ina kike ne, 'yar nan? Ya babanku da ƙafarsa? Ya yaran?

Ni lafiya lau, kar ku damu, abinci ne dai ya ƙi shiga. Inda nake wanke kwalabe wai bishiya suke shukawa, amma ba ƙasa ba ganye. Ɗan ɓawonta suke sawa a kwalba, ya yi ta kumbura kamar majina. Tir! Wai maganin cutar kansa ake tatsa ciki.

Ran Litinin na ga ɗaya ta yi duhu, na buɗe na shinshina kamar miyar da ta kwana, na mayar. Ashe numfashi ma ɓata shi yake! Yau ta yi funfuna. Likitar da ke renonta wata takwas har da hawaye, tana tambayar wa ya taɓa. Na yi tsit, ni da nake dukanku kan ƙarya. Yanzu kaina nake ƙyama.

Ki min addu'a kar a kore ni. Allah ya miki albarka. Ki turo man zafin nan.

Tsaya, ana ƙwanƙwasa ɗakin wankin. Muryar likitar ce. Bari in buɗe, gaya mata zan yi